Ranar da Motar Baba Ta Mutu a Lyon

Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana sharar titunan Paris, kuma abin da ya mallaka da sunansa bai wuce wata tsohuwar mota shuɗiya ba. A kujerar bayanta muka girma. Injinta na da ne, wanda aka ƙera don fetur mai darma.

Da aka hana sayar da wannan fetur, sai aka kawo wani a madadinsa, aka ce an zuba masa sinadarin da zai kare tsofaffin injina kamar yadda darma take yi. Baba bai taɓa yarda da shi ba. Yakan shinshina bakin tanki ya ce, "Wannan isansi lami ne." Amma fetur ɗin da ake samu ke nan. Daga gidanmu a Montreuil zuwa kasuwa kuwa motar ba ta nuna wata matsala ba.

Sai yayata da ke aure a Lyon ta haihu. Na ce mu hau jirgin ƙasa. Baba ya ce ba zai je sunan jikansa na fari hannu rabbana ba. Muka danƙara wa motar buhunan shinkafa da turamen atamfa, muka ɗau hanya da sassafe.

Mun wuce rabi ke nan injin ya fara tari, ƙarfinsa ya yi ta raguwa. Manyan motoci suna wuce mu suna danna oda.

"Baba, mu tsaya mana."

"Ta saba, ɗiyata. Yi shiru."

Da rarrafe muka shiga Lyon, mun tarar taro ya watse.

Washegari wani dattijon makanike ya buɗe kan injin, ya nuna mana supap, 'yan murafan nan da ke buɗewa suna rufewa. Zafi ya cinye mazauninsu har sun nutse cikin ƙarfe.

"Man nan yakan riƙe a yawon gari," in ji shi. "Doguwar hanya da gudu da kaya kam, sai sa'a. Kayan gyaranta ma sun yi wuya."

Baba ya daɗe dafe da ƙofar motar, sannan ya miƙa makulli. Wurin masu tsohon ƙarfe aka ja ta.

A jirgin dawowa bai taɓa abincin da yaya ta ɗaure mana ba. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da ita na so in shiga garinmu Damagaram, mutane su ga ban zauna a banza ba."



Bai sake tuƙi ba. Fita ma ya rage, sai Juma'a, ita ma sai na riƙe masa hannu a matakalar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa.