Baƙin Cakulet a Ɗakin Kawu

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwar Yalwawa a Dutse, ni da ƙanwata da direba, muka nufi Aujara dubo Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, da aka ce ƙafa ta kwantar da shi. Ciwonmu ɗaya da shi, sukari, don haka na jefa na'urar gwaji a aljihu.

Damina ta cinye hanya. Inda kwalta ta ƙare sai taɓo, gonaki a kwance cikin ruwa. Mun tsaya wurin wani mai shayi, abokan tafiya suka sha da burodi da ƙwai, ni na tsaya kan ƙosai da ruwan zafi, mai shayin yana kallona kamar na zage shi. Da ya faɗi kuɗin ƙwai kuwa, sai da direba ya yi salati.

Wari ne ya tarbe mu tun daga ƙofar ɗaki. Kawu na kwance a tabarma, ya rame, ƙafar naɗe da tsumma. Gefen matashinsa takardun cakulet ne birjik, baƙin nan mai ɗaci. Ɗansa da ke aiki a Kano ya aiko da kwali guda, wai ya gani a waya yana sauke sukari.

Na ce, "Kawu, ina ƙwayoyin asibiti?"

Ya ce, "Na ajiye su, ɗan nan. Wannan ya fi su ɗaci, ai ɗaci shi ne magani."

Ashe safe da yamma yake cinye guda, a kan tuwo da fura. Ni ma nakan ci irinsa, amma ɗan ɓalli kamar kan yatsa, jefi-jefi, kuma sai na gwada jinina bayan nan, don likita ya gargaɗe ni cewa ɗacin bai hana akwai sukari a ciki ba. Na soki yatsar Kawu. Lambar da ta fito ban taɓa ganin irinta ba. Matarsa ta kwance tsumman, ƙanwata ta fice da gudu. Yatsun ƙafar sun yi baƙi ƙirin.

Da ƙyar ya yarda ya shiga mota. Muka juyo Dutse, gilasai a sauke, duk ramin da muka faɗa sai ya ce, "Ya Salam." Washegari likitoci suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ɗansa ya iso, ya tsuguna a barandar asibiti ya haɗa kai da gwiwa, yana ta cewa, "Wallahi alheri na nufa." Da Kawu ya farfaɗo, abin da ya fara cewa shi ne a sayar da shanun nomansa.

Na koma gida da la'asar, na kasa cin abinci. Tafiyar nan ta nuna mini cewa abin da aka yarje wa mai sukari ya ɗanɗana bai zama magani ba. Kuma Aujara ba nisa gare ta ba, mu ne muka makara.