Teta Dorin da Gahawa ta Uku

Kafin gidan burodin layinmu ya fitar da gashin farko, Teta Dorin, wato Inna Dorin a harshenmu, ta riga ta buɗe ƙofarta. Za ta hura murhun itace, ta zauna gefensa da 'yar injin niƙa ta hannu tana markaɗa gahawa, sannan ta jera finjalai a kan dogon teburin nan da kujerunsa babu biyu masu kama da juna. Ni Zumreta, mai ɗinki ce, shagona yana kallon nata, don haka duk wannan a kan idona ake yi. Shekaru ke nan ina gani har na daina lura. Yanzu da na san da zarar ƙanƙara ta narke za ta tafi, kullum na ga hayaƙin murhunta ya tashi sai gabana ya faɗi.

'Yar Kanada ce. Ta zo Bosniya ne cikin masu aikin agaji shekarar da kogi ya cinye mana rabin gari, tana kwashe laka daga ɗakunan tsofaffi. Baƙo raɓa ne, sauran duk suka koma, ita ta tsaya. A gidajen nan ta ga abin da ya tsaya mata a rai: tsoho riƙe da waya, jikarsa a can Amurka ko Ostireliya tana masa murmushi, shi ma yana mata, babu mai iya ce wa wani komai. 'Ya'yanmu sun watse a duniya tun lokacin yaƙi, jikokinmu kuma sun tashi da Turanci a baki. Sai ta kama tsohon shagon mai gyaran takalma, ta sha zirga-zirgar neman izini har ta samu, ta ce duk mai son ya motsa bakinsa da Turanci ya zo a sha gahawa a yi hira.

Ranar buɗewa mutane suka cika wurin, kowa da kayansa na fita kunya. Ta fito da wata ƙatuwar butar gilashi ta zuba wa kowa a manyan kofuna. Aka kurɓa. Aka kalli juna. Nusret, tsohon direban jirgin ƙasa, shi ya fara ɗaukar hularsa ya ce to, sun gode, kada su tsare ta. Kafin ta gama cewa maraba da Turanci, wurin ya zama wayam. Mako ya zagayo, wasu sabbi suka zo, su ma kurɓa ɗaya suka miƙe. Ina kallo ta taga tana zubar da gahawa a magudana, tana wanke kofunan da ba a sha ba. Da na ga ta fara tambayar mai kanti ko yana da kwalayen haɗa kaya, na ajiye almakashi na tsallaka.

"Maƙwabciya, zubo min abin nan da kike ba mutane."

Ta zubo. Wallahi ana hango gindin kofin ta cikinsa.

"Wannan mene ne? Wankin buta?"

"Haka muke sha a gida," in ji ta da gurguwar magana irin tata. "Zumreta, gaya min gaskiya, ba sa so na ne?"

"Ke ce dai ba kya son su! Korar su kike yi!"

Na zaunar da ita na yi mata karatun da kowace yarinya a nan ta sani tun kafin ta iya ɗaura ɗankwali. Gahawa uku ake ba baƙo. Ta farko ta maraba ce, mai kauri. Ta biyu ta hira ce. Idan baƙo ya kafe ya ƙi tashi, sai a ƙara ruwa a kan diddigar a kawo masa tsararo, shi kuwa ya san an ce ya nemi takalminsa. Ita baiwar Allah, da gahawar kora take tarbar mutane tun daga bakin ƙofa. Ta dafe kai, fuskarta ta yi ja, ta yi dariya har da hawaye, sannan hawayen ya ci gaba bayan dariyar ta tsaya.

Da wata ce, da ta yi fushi ta ce mu ne masu wuyar sha'ani. Ke ba ki yi ba, Teta Dorin. Washegari kika sayo 'yar butar jan ƙarfe, kika tsaya a gabana kamar sabuwar amarya ina miki faɗa kina ƙona yatsu, har kumfa ta fara tashi yadda ake so. Sannan kika bi gida gida kina ba da haƙuri da harshenmu, kina kwaɓa shi son ranki.

Daga nan ta kafa dokar da wurin ke tafiya a kai har yau. Gahawar farko da harshenmu ake shan ta, ita ce ɗaliba, kowa ya yi mata dariya ya gyara mata. Gahawa ta biyu da Turanci. Ta uku babu ita. Na daɗe kafin na gane wayonta. Mutumin garin nan ya gwammace ya kwana da yunwa da ya yi kuskure a gaban maƙwabcinsa, amma wanda ya gama dariyar tsohuwa mai furfura, da wane ido zai ce shi yana jin kunya? Kullum ita ke fara faɗuwa don mu samu ƙarfin yin tuntuɓe. Dragica, wadda ta yi ritaya daga gidan waya, da Nusret, da can daga nesa suke gaisawa. Yanzu a teburin nan suke tsokanar juna kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Abin da ba zan manta ba a gaban kowa ya faru. Nusret yana da jika a Amurka, Esma, mai kiransa Dedo, wato kaka, kuma ubanta ne ke musu tafinta duk lokacin da suka yi waya. Wata Alhamis, ranar taronmu na mako, muna tsakiyar gahawa ta biyu wayarsa ta yi ƙara. Yarinyar ce ita kaɗai, tana kuka, sun yi faɗa da uban. Wa zai kai ƙarar uba ta bakin uba? Nusret ya kalli Dorin ido a warwaje yana miƙa mata wayar. Ta noƙe hannuwanta a baya ta girgiza kai. Sai wannan ƙaton mutum ya sunkuya ya ce da Turanci, "Dedo yana ji. Faɗa a hankali." Rabin maganar ya gane, rabi ya wuce shi, amma yarinyar ta yi shiru da kukan. Dragica ta ce hayaƙin murhu ne ya shiga mata ido.

To ga abin da ya hana ni sukuni. 'Yar'uwar Dorin ta samu shanyewar ɓarin jiki a Kanada, ba ta da kowa sai ita. Dole ta tafi, babu wanda zai ce kada ta je. Ta ce za ta dawo. Mu kuwa mun san wannan maganar, daga bakin 'ya'yan cikinmu muka fara jin ta. Ga Esma za ta zo hutun makaranta, zuwanta na farko, bayan Dorin ta tafi.

"Idan wurin nan ya rufe," in ji Nusret, "kafin yarinyar ta iso harshena ya yi tsatsa. Sai dai mu zauna muna yi wa juna murmushi kamar hotuna."

"Ba zai rufe ba," in ji Dorin. "Zumreta za ta zauna a kujerata."

"Ni? Turancin nawa da ke tafiya da sanda?"

"Kin fi kowa baki," in ji Dragica. "Ai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wa ya aike ki gyara mata gahawa?"

Alhamis da ta wuce muka gwada. Dorin ta koma gefen murhu da saƙarta, ta ce yau ita kurma ce. Gahawar farko ta wuce lafiya. Na zuba ta biyu, wuri ya yi tsit. Duk Turancin da na tara ya gudu ya bar ni, kowa ya zuba wa finjalinsa ido. Na kalli Dorin, ko ɗago kai ba ta yi ba. Sai na tuna aikinta. Na buɗe baki na saki magana yadda ta zo, kai a ƙasa ƙafa a sama. Nusret ya fashe da dariya ya gyara min. Na ce masa da Turanci ai shi ma jirginsa bai taɓa isowa a kan lokaci ba. Ya rama, Dragica ta shiga, hira ta ɓarke har gahawa ta huce a finjalai. Amma kada in yaudari kowa, ranar tana cikin ɗakin. Alhamis ɗin da kusurwar murhun nan za ta zama babu kowa, ban san yadda za mu yi ba, kuma ina tsoro.

Shi ya sa nake roƙon mutanen garinmu, duk wanda ya taɓa shan gahawa a teburin nan, kada ya jira a kira shi. Ku zo ku zauna, ku kwaɓa, a yi muku dariya. Ku kuma da ke wasu garuruwan, idan baƙo ya buɗe ƙofa don amfaninku ya yi kuskure, kada ku ɗauki hula ku fice. Ku tsallaka ku gaya masa.

Ke kuwa Teta Dorin, baƙuwar da ta fi ɗan gida sanin ciwon gida, ke ce kika mayar wa kakanni da jikokinsu. Mun gode, Allah Ya ba 'yar'uwarki lafiya, Ya kai ki Ya dawo mana da ke. Na san ranar tafiya za ki shigo gidana sallama. Zan dafa miki ta maraba, mai kauri, zan dafa miki ta hira. Ta uku kuwa, ko motarki za ta tafi ta bar ki kina jira, a garin nan babu mai dafa miki ita.