Mai-Katafila da Kiɗan da Ba a Rawa da Shi

Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar maigidana. Ba zan kama sunansa ba, don ban taɓa kamawa ba yana raye. Mutanen Bakura da Talata Mafara sun san shi da Mai-Katafila. Ni Malam nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malama, saboda aikin koyarwa da nake yi a firamare. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya zagayo, 'ya'yanmu sukan taru a yi masa addu'a, a tuna haƙurinsa da riƙon zumuncinsa. Duk gaskiya ne. Amma akwai abin da ba a ambata a wurin addu'a, shi nake so in rubuta bana. Malam mutum ne mai son kiɗan jaz, kuma shi ya koya mini sauraronsa.

An ɗaura mana aure ana tsakiyar aikin madatsar ruwa ta Bakolori. Shi mutumin Bakura ne, yana cikin masu tuƙa katafila suna tura ƙasa. Ni 'yar wani ƙauye ce a gefen Maradun, mahaifina manomin fadama ne. Muka kama ɗaki biyu a Talata Mafara, garin a lokacin ya cika da baƙi, kowane yare kake nema za ka ji a kasuwa. A wurin aiki Malam ya yi aboki, wani mai walda Kirista daga kudancin Zariya, sunansa Bitrus. Bitrus yana da rikoda, yana kuma samun kaset daga hannun Turawan da ke aikin. Idan an tashi cin abincin rana sai su zauna a inuwar mota su kunna. A can Malam ya kamu. Bai daɗe ba ya sayi tasa rikodar, Bitrus ya kwafa masa kaset uku.

Ranar da ya fara kunna mini, na ɗauka kaset ɗin ne ya lalace. Babu mai waƙa, babu 'yan amshi, ba a wasa kowa, ba a zambo. Ƙaho yana tafiya gabas, ganga tana tafiya yamma. Na taso ina jin kalangu da kukuma da kiɗan noma, kowanne na san abin da yake faɗa da wanda yake faɗa wa. Wannan kuwa na ce masa ya yi mini kama da faɗuwar kwanoni daga kan kanta. Maƙwabciyarmu har ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Malam bai yi fushi ba, dariya kawai ya yi, ya rage murya.

Wata Lahadi bayan la'asar ina tsince shinkafa a tsakar gida, ya ɗauko rikodar ya ajiye a kan tabarma kusa da ni.

"Malama, kuskurenki guda ne," in ji shi. "So kike ki ji su duka lokaci ɗaya. Ɗauki mutum guda ki bi shi."

"Wane mutum? Ni hayaniya nika ji."

"Wanga na ƙasa, mai kauri, da ka tahiya kamar raƙumi da kaya. Ki bi shi, kada ki kula da kowa."

Ya ce wata ƙatuwar garaya ce da ake tsayarwa a ƙasa, ta kusa kai tsawon mutum. Na bi ta don in huta da maganarsa. Abin mamaki, da na kama sawunta sai na ji ba ta ɓata ko sau ɗaya, tana taku daidai tun daga farko har ƙarshe, sauran kuma a kanta suke tsaye. Mako na gaba ya ce in bi mai ganga. Bayan haka mai fiyano, abin kiɗan da ake dannawa da yatsu. Ƙahon da ya fi damuna shi ya bari a ƙarshe. Ya nuna mini cewa a farkon kowane kiɗa akwai ɗan taken da suke bugawa tare. Ki riƙe shi a kai, in ji shi, don za su bar shi, kowa ya fito shi kaɗai ya faɗi nasa a kan taken nan, sannan su dawo su haɗu. Na ce ai haka mai kukuma yake yi a gidan biki idan ya gaji da waƙa ya bar kukumar ta yi magana. Ya buga cinya ya ce to na gama makaranta.

Ban gama ba. Wata uku muka yi a kan kaset ɗaya. Bai yarda a canza ba sai da na iya faɗin wanda zai shigo kafin ya shigo. Idan aka kira salla yakan kashe ko da ana tsakiyar busa, ya dawo ya mayar da kaset baya a fara daga farko, don a ganinsa rashin kunya ne ka tari mutum a tsakiyar magana.

Ana nan aka gama bangon madatsa, ruwa ya fara taruwa. Fadamar mahaifina tana cikin waɗanda ruwa ya ci. A nan kakansa ya yi noma, a nan ake samun shinkafa da dankali da albasar da aka ciyar da mu da su. Aka tashe su aka mayar da su kan tudu, ƙasa mai tsakuwa. Muka je gaishe shi ni da Malam. Ya amsa gaisuwa har ƙarshenta, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, sannan ya dubi Malam.

"Ƙasar da ta tare ruwan ga, wa ya tura ta?"

Malam yana durƙushe. Yana iya cewa aikin gwamnati ne, yana iya cewa su ɗari nawa ne a wurin. Ya ce, "Ina cikin waɗanda sunka tura ta, Baba."

Daga ranar mahaifina bai sake taka gidanmu ba, in mun aika da abu ya dawo da shi. Ni ina tsakiya, uba a can, miji a nan, kuma na san babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Sai ga shekarar da manoma suka tare hanyoyin wurin aiki, abin ya ƙare da asarar rayuka. Waɗanda suka rayu a lokacin sun san abin da nake nufi, ba kuma shi na zauna rubutawa ba. Malam ya san wasu daga cikin waɗanda suka mutu. Ya ajiye aikin katafila ba da daɗewa ba, ya koma gyaran injin ban-ruwa da ɗan noman tumatir a wajen Bakura. Rikodar kuwa ya naɗe ta da tsumma ya tura ƙarƙashin gado.

Ta fi shekara a can. Mutumin da ba ya raina abin dariya ya koma sai ya ci abinci ya zauna yana kallon bango. Wata ranar Juma'a da ya dawo daga masallaci, ya tarar na ciro ta na sa mata batir, ina sauraro ina guga. Ba don shi na yi ba, ko kuma ba don shi kaɗai ba. Ni ce na ji ina kewar mai garayar nan. Ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi a hannu, ya daɗe. Sannan ya ce, "Ƙara murya, ban ji sosai." Na ɗauka zolaya ce, don muryar ta kai.

Ashe kunnensa ne ya fara tafiya. Shekarun da ya yi a kan katafila ba tare da komai a kunne ba su ne suka biyo shi. Na hagu ya fara, na dama ya bi a hankali. Siraran sautuka suka fara ɓace masa, ƙaho da faifan ƙarfen mai ganga, aka bar shi da masu kauri. Sai ya koma yana ɗora tafin hannu a kan rikodar yana jin motsinta. Ni kuma in zauna ina fuskantarsa, in mai fiyano ya shigo in motsa yatsu, in mai ƙaho ne in kai hannu baki. Wani lokaci in yi gaggawa, sai ya girgiza kai ya ce da saura, kuma shi ke da gaskiya. Ya haddace su tun kunnen na lafiya.

A cikin wannan hali mahaifina ya kwanta ciwo, ya zama dole a kawo shi Talata Mafara kusa da asibiti. Shekara shida ke nan rabonsa da gidanmu. Malam ya bar masa ɗakinsa, shi ke kai shi asibiti a kan babur, shi ke riƙe masa buta. Magana dai ba ta wuce gaisuwa. Rikoda ta sake komawa ƙarƙashin gado saboda kunya. Da aka yi kamar mako uku, wata safiya da hantsi suna zaune a inuwa su biyu, mahaifina ya ce da ni, "Ina kiɗin nan na mijinki da anka ce ba a rawa da shi? Sa muna mu ji."

Na sa wani mai sanyi, wanda ƙaho ke jan sauti a hankali. Tsoho ya saurara idonsa a rufe har aka gama. Sannan ya ce, "Wanga mai busa, an taɓa amshe mai wani abu."

Malam ya ga bakinsa ya motsa, bai ji ba. Ya dube ni. Dole na matsa kusa da kunnensa na dama na ɗaga murya na maimaita maganar, a gaban wanda ya faɗe ta. Malam ya sunkuyar da kai. Mahaifina ya miƙa hannu ya dafa gwiwarsa ya ce, "Allah shi yafe muna baki ɗai." Wannan ban maimaita ba, ya gane. Bayan wata biyu mahaifina ya rasu a gidanmu, Malam na cikin waɗanda suka sa shi a kabari.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da zamanin nan. Kiɗan da ya yi ta roƙon a kwafa masa yanzu yana cikin wayar kowa, amma ina ganin masu wayar ba sa barin ɗaya ya kai rabi kafin su tsallaka wani. Ina jin wannan zai ba shi haushi, ko da yake na san zai fara da neman a nuna masa inda ake dannawa. Abin da zai fi ɗaga masa hankali shi ne hanya. Shi da yake hawa babur ya je Gidan Goga ko Damaga gyaran inji ya dawo da la'asar ba tare da tunanin komai ba, yau saboda rashin tsaro sai an yi tambaya kafin a fita, wani lokaci a fasa. Wasu magudanan da ya san su cike da ruwa sun cushe da ciyawa. Ban san ko zai ce aikin da ya ba da kunnensa a kai ya biya ba. Bai taɓa yanke wannan hukunci yana raye ba, ni ma ba zan yanke masa ba. Mutane da yawa sun ci abinci da ruwan nan, wasu kuma ba su farfaɗo daga zuwansa ba.

Masu tambayata ta ina ake fara jin jaz, ba ni da abin da zan ƙara a kan nasa. A zaɓi ɗaya mai sanyi, a zauna, a bi mutum guda, a sake ji gobe. Ba sai an san sunan kowa ba. Mu shekara da shekaru muka yi ba mu san sunayen masu kiɗan ba, don a jikin kaset ɗin babu abin da aka rubuta sai lamba.

Malam bai bar gidan sama ba, bai riƙe sarauta ba, kaset ɗin ma zafi ya narkar da su tun kafin ya rasu. Ya bar 'ya'ya biyar da ba wanda ya taɓa kawo mini ƙararsu. Ya bar ni kuma da kunne. Bara 'yarmu ta uku da ke aure a Kaduna ta turo mini wani jaz a waya, sabo, na wasu matasa da ba a haife su ba lokacin da muke Talata Mafara. Na ji shi sau uku a kwana uku, sannan na kira ta na ce mai fiyanon ya iya, amma mai gangar yana da gaggawa, ba ya barin abokansa su sauke numfashi. Ta yi dariya ta ce, "Mama, ke a ina kika san wannan?" Na ce ta tambayi yayyenta. Da na ajiye wayar na zauna ina tunanin cewa da yana nan, da wuya ya yarda da ni a kan mai gangar, da mun kai magariba muna musu. A duk garin nan ba ni da wanda zan yi wannan musun da shi.

Allah ya jiƙan Malam, ya jiƙan mahaifina, ya sa suna cikin rahama. Ya ba ƙasarmu lafiya.