Goyon Ƙirji

Ranar Talata ce, tsakiyar damina. Na tashi ƙarfe shida na dama kunun gyaɗa, na tsinko zogale a bayan ɗaki. Cikina wata bakwai. A wurin awo, malamar asibiti ta sha gaya mana cewa abin da uwa ta ci da abin da ya firgita ta duk jikin ɗa yana ajiyewa, wani ma sai ya girma yake bayyana. Na riƙe maganar da gaske. Ko gardama na daina yi da kowa. Da yamma nakan hau dutsen bayan gidanmu in zauna ina ba cikina labarin gajimare.

Mijina Bitrus ya sha kununsa a tsaye, ya saɓa fartanya ya nufi gonarmu ta gabas, wajen hanyar Wasagu. Mahaifiyarsa, Mama Ladi, tana surfe a tsakar gida.

Takwas saura muka ji babura. Ƙarar ta taso daga gabas kamar ruwa mai tafe a kan ganyen dawa. Taɓaryar Mama ta tsaya. Sai harbi.

"Ku fito! Kowa ya kwanta!" Daga wajen coci muryar take.

Mama ta damƙi hannuna. "Tashi, ɗiyata. Bar takalmin."

Muka haura danga muka faɗa cikin dawa. Ta fi mu tsawo, ganyenta yana yankar fuska. A bayanmu rumbuna suna ci. Warin gero mai ƙonewa ya bi mu. Duk harbin da aka yi sai abin da ke cikina ya zabura. Na dafa shi da hannu ɗaya ina gudu.

Rana tsaka muna kwance cikin wani kwazazzabo. Babura biyu suka wuce ta samanmu, ƙasa ta zubo mana a ka. Babu wadda ta yi tari. Da muka jiyo kiran azahar daga wani ƙauye can nesa, muka bi sautin. Muka tarar da rafi a gabanmu, ya cika. Ruwa har ƙirjina, Mama tana gaba tana jana. Muna taka tudu faya ta fashe.

Wajen la'asar wani mai motar itace ya kwashe mu zuwa Zuru. Ana kiran magariba na haihu a wani ƙaramin asibiti. Mace. Ba ta yi kuka ba, 'yar ƙara ta yi irin ta jaririn kyanwa. Duk jikinta bai cika tafin hannun Mama biyu ba. Akwai kwalbar da ake sa irinsu, amma babu wuta. Malamar da ta karɓi haihuwar ta buɗe rigata, ta kwantar da jaririyar tsirara tsakanin nonona, ta ɗaure mu da zane.

"Nan ce kwalbarta. Kada ki sauke ta."

Kashegari da hantsi Mama ta shigo ta zauna a ƙasa. An tsinci Bitrus a bakin gona, fartanyarsa na kusa da shi. Ban yi kururuwa ba. Kunnen yarinyar yana kan zuciyata, kuma ta riga ta ji abin da ya ishe ta. Na bar hawaye suka bi gefen kunnena, na ci gaba da numfashi a hankali.

Muka sauka gidan ƙanwar Mama a cikin gari. Masu zuwa gaisuwa sukan leƙa wuyan rigata su girgiza kai. Wata ta ce bakwaini ce, kada in sa rai. Wata ta ce tun da take ba ta taɓa ganin goyo a gaba ba, ko kuwa boko ne ya juya mini baya zuwa ƙirji? Aka yi dariya. Ban kwance zanen ba. A zaune nake barci. Nono nake matsa mata a cokali, ɗigo ɗigo. Idan bayana ya gaji, Mama ta karɓe ta a nata ƙirjin, tana yi mata waƙa da yarenta, C'lela. Haka muka yi har ranar da ya kamata a ce an haife ta. Ran nan na kwance ta, na juya ta baya kamar kowane ɗa. Na sa mata suna Murna. Wasu sun ce sunan bai dace da gidan makoki ba. Shi ya sa na zaɓe shi.

Yanzu shekararta huɗu. Sa'o'inta duk sun fi ta tsawo. Idan hadari ya haɗu ƙirjinta yakan yi fito. Likita ya ce huhunta bai gama nuna ba aka fito da ita, sai an riƙa lura da ita har ta girma. Idan ɗan acaɓa ya tayar da babur a ƙofar gida, takan ruga ta cusa kai cikin zanena. Babu wanda ya taɓa ba ta labarin ranar. Jikinta ne ya sani.

Na fitar da murhu waje saboda hayaƙi. Na shuka zogale a tsohon bokiti. Da yamma mukan hau tudun bayan unguwa, yanzu ita ke ba ni labarin gajimare. Wuni ɗaya masu baburan nan suka samu suka rubuta nasu a jikinta. Ni kullum nake rubuta nawa, kuma ban gaji ba.

Idan matan ƙauyenmu suka haɗu bayan sujada, kowa takan faɗi abin da aka kwashe mata. Shanu, rumbu, keken ɗinki. Ni nakan ce Bitrus. Sauran ba na faɗa, don babu wanda ke lissafa irinsa. Wata biyu ne na Murna, waɗanda ya kamata ta yi a cikina. Ɗuminsu na mayar mata. Numfashin ne bai dawo duka ba.