Saniyar Laka a Kan Faifai

Ni dai na gaji da jarrabawar cike gurbi. Ɗan aji uku zai rubuta miki cewa kifi a ruwa yake zama, ki tambaye shi dalili ya hau sosa ƙeya. Shi ya sa a wancan zangon, a makarantarmu da ke bayan garin Dutse, na ce kowa ya zo da faifai, ya gina mazaunin wata halitta da laka da ciyawa, ya yi bayani da bakinsa. Makinsa ke nan.

Gaskiya saboda yarinya ɗaya na yi. Daga rugar gefen fadama take zuwa. Rubutu na ba ta wuya, amma in zancen dabbobi ake, ba a kai ta. Kakarta da ke kawo mana nono ta riga ta tsegunta mini cewa uban ya ce in ta sake faɗuwa, boko ya ƙare, ta zauna gida.

Hedimasta kuwa, da son a sani, sai ya gayyato iyaye kallo bai gaya mini ba. Na shigo aji na tarar da benci cike da manya. A can ƙarshe ga uban yarinyar, malafa a gwiwa. 'Yar farinsa ce. Ba ya faɗin sunanta, ba ya kallonta cikin mutane, ita ma ba ta buɗe baki a gabansa. Duk wanda ya zauna da Fulani ya san wannan kunyar, ban da hedimastanmu.

Yara suka yi ta fitowa. Wani ya jera duwatsu da ƙadangare a tsakani, wata ta kawo kududdufi a murfin kwano, da kainuwa da kwaɗon laka. Ni kuma in nuna abu ɗaya a faifan, in tambayi abin da zai faru in babu shi.

Aka zo kanta. Saniya ta gina har da tozo, ta manna mata riɗi a wuya a matsayin kaska, ga balbelar auduga a gadon bayanta, ga ɗanyar ciyawa a ƙasa.

Na ce, "To, gaya mana, su wa ke zaune a nan?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. Na sake tambaya, shiru.

Hedimasta ya dubi agogo ya ce, "Malama, in ba ta sani ba a sa mata sifiri, akwai saura."

Raina ya ɓaci. In ba ta maki ba ta ce uffan ba, iyaye su ce son kai. In ce uban ya fita, na ci mutuncin babba a bainar jama'a. Tsoro ya kama ni sosai.

Sai uban ya miƙe. Bai kalli kowa ba ya ce, "Bari in gyara wa babur ɗina wuri, rana ta same shi."

Ya fita. Daga inda nake tsaye na hango malafarsa ta tsaya a gefen taga, ya ba mu baya. Ita ba ta gani ba.

Na taɓa saniyar na ce, "In babu wannan fa?"

Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Kaska ta rasa gida, Malama. Jikin saniya ne ɗakinta, shi ne abincinta. Balbela ma sai ta bi wani garken."

"In babu ciyawar fa?"

"Duk su ukun sun tashi."

Na rubuta mata makinta, na nuna wa hedimasta da gangan.

Da aka tashi na sami uban a gindin darbejiya, ya riga ya hau babur. Muka gaisa.

Ya ce, "Malama, yaushe ake dawowa daga hutu?"

Na gaya masa. Ya ɗaure igiyar malafarsa, idonsa na kan hanya.

"To," in ji shi, "a ajiye wa waccan wurin zamanta."