Tayil a Ɗakin Matar Ƙwanƙwas

Ƙwanƙwas ake ce masa, saboda ba ya karɓar aiki sai ya durƙusa ya ƙwanƙwasa ƙasan ɗakin da bayan yatsunsa, ya kasa kunne. Mai shimfiɗa tayil ne. Tun yana da baƙin gashi yake rarrafe a ɗakunan mutane, gudumar roba a aljihun baya, fensir a bayan kunne, har gwiwoyinsa suka yi kanta kamar na raƙumi. Shaguna, makarantu, banɗakunan masu hali, duk ya bi su da gwiwa. Gidansa ne kawai bai taɓa ganin tayil ba.

Ba rowa ba ce. A saman wani tsohon bene suke zaune, kan shagon teloli, kuma ƙasan ɗakunan ba siminti ba ne. Wanda ya ƙara ginin na sama ya jera katakai a kwance ne, ya rufe su da allunan katakon dusa, irin wanda ake haɗa ɓarɓashin katako da gam a matse shi, sannan aka shimfiɗa leda a kai. Ga ido sumul yake. Amma in mutum mai jiki ya taka, sai ya ɗan lotsa, in kuma ruwa ya same shi ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi. Tayil kuwa bai san lanƙwasa ba. In abin da ke ƙarƙashinsa ya motsa, sai ya tsage. Ƙwanƙwas ya sha barin aiki mai tsoka saboda irin wannan katako, ya tattara kayansa ya tafi ana yi masa kallon mai girman kai.

Matarsa ta daɗe tana yi masa gori a kai. "Ka gyara wa duniya wurin taka ƙafa," in ji ta, "ni kuma ka bar ni a kan leda kamar kayan kasuwa." Shi kuwa sai ya ce, "Sai mun tashi daga nan, Tsohuwa." Tun tana amarya yake kiranta haka. Ba su tashi ba. Yara suka girma suka watse, aka bar su da Auta, 'yarsu ta ƙarshe, wadda aurenta bai yi nisa da gida ba.

Sai ciwo ya kwantar da Tsohuwa. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, likita kuma ya ja Ƙwanƙwas gefe ya ce zuciyar ma ta gaji, a yi ta lallaɓawa. Banɗaki ya yi mata nisa. A ɗaki Auta take yi mata wanka kowace safiya, a kan kujerar roba, gefen gado. Duk yadda aka goge, ruwa sai ya bi ta mahaɗar leda ya shige. Katakon ya sha, ya kumbura, ya yi laushi, ya fara wani tsami da turare ba ya kashewa. Matar da a da ko ƙwayar shinkafa ba ta kwana a ƙasan ɗakinta, sai ga ta tana cewa in maƙwabta sun zo dubiya a ce musu ta yi barci.

Wata safiya, bayan wanka, ta ce, "Malam, tayil nake so."

"Na ji."

"Ba ji nake so ka yi ba. Ji kam ka daɗe kana yi."

Ya zauna a bakin gado ya yi mata bayani a hankali. Katakon ya riga ya mutu, ba zai riƙe ba. Sai an ɓamɓare shi gaba ɗaya, a ƙara katakai a ƙarƙashi don kada ƙasan ya riƙa lotsawa, a ɗaure falanki mai kauri, a ɗora allon siminti, sannan tayil. Kafin nan sai ta koma gidan Auta na ɗan lokaci.

"Ba inda za ni," in ji ta. "In aka sauko da ni daga benen nan, na san ba da ƙafata zan hau ba, ba kuma za a hau da ni ba. Ka ɗora a kan wannan ɗin."

"Zai tsage."

"Yaushe?"

Bai iya yi mata ƙarya a kan aiki ba. "In an yi sa'a, ya kai shekara."

Ta dube shi da idon nan nata da bai karkace ba. "To ai ya ishe ni."

Auta ta sunkuyar da kai tana matse tsumma. Ƙwanƙwas ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya fita ya zauna a matakala. Aikin wuni biyu ne, ya sani. Gam, tayil, farin siminti a tsakani, shi ke nan, ta buɗe ƙofa ga baƙinta. Amma in ya ɗebo gam ya shafa a kan wannan katako, ya sa hannu ke nan a kan lissafinta. Ya yarda ke nan cewa daɓen shekara ɗaya ya ishe ta. Abin da hannunsa ya ƙi ɗauka ke nan.

A nan abokinsa kafinta ya same shi, wanda suka daɗe suna bin gine-gine tare. Ya ji labari, ya sosa gemu. "Kai dai taurin kanka ya fi tayil ɗinka. To wa ya ce sai an fitar da ita? A tura gado gefe guda, mu buɗe rabi, mu gama, a mayar da ita can, mu buɗe ɗaya rabin."

"Zai ɗau lokaci."

"Da gwiwoyin nan naka? Har jikanka sai ya sa hannu."

Haka aka yi. Suka rataya leda daga sama har ƙasa don ƙura, suka fara ɓamɓara. Wurin da ake wankan, da hannu kafinta ya riƙa ɗebo katakon, yana marmashewa baƙi ƙirin. Da ƙasan ya buɗe, sai ƙarar kekunan ɗinkin teloli ta riƙa hawowa ɗakin, har da hirarsu. Tsohuwa ta ce a ɗage mata gefen ledar, ita ma ta ga abin da aka daɗe ana hana ta dominsa.

"Wancan layin ya karkace," in ji ta.

"Bakinki ne ya karkace, Tsohuwa, layi lafiyarsa lau."

Ta yi dariya har sai da tari ya sarƙe ta.

Aikin bai yi sauri ba. Ƙwanƙwas ba ya iya daɗewa a durƙushe, sai ya tashi ya dafa bango har jini ya dawo ƙafa. Ita kuma tana ta raguwa. Abinci ya koma cokali kaɗan, magana ta koma gajera. Wata rana Auta ta tare shi a ƙofa, idonta jawur. "Baba, don Allah wa kake yi wa wannan ginin? Da ka yi yadda ta ce, da tuni tana ganin mutane."  Ya wuce ya ci gaba da ɗaure falanki, ƙusa bayan ƙusa, ko ɗaya bai tsallake ba.

Da rabin ya kammala, gam ya kama, shi da kafinta da mijin Auta suka ɗaga gadon da ita a kai, suka sauke shi a kan tayil. Fari ne mai ɗan kaushi, wanda ba ya santsi. Ta ce a sauko mata da ƙafar dama. Ta aza tafin a kan tayil.

"Da sanyi," in ji ta. Can kuma ta ce, "Auta, ki gaya wa matar mai kanti da su maman 'yan biyu, na farka."

Suka zo, suka cika rabin ɗakin, suna zaune a ƙasa suna shafa tayil suna sa albarka. Kwanakin da suka biyo baya ƙofar ba ta rufu ba. Ba su yi yawa ba, kwanakin. A kan wannan rabin matan suka yi mata wankanta na ƙarshe, Auta na zuba musu ruwa. Ruwan ya tsaya a sama, aka share shi da tsumma.

Bayan an watse daga zaman makoki, kafinta ya tambaye shi ko a mayar da leda a ɗaya rabin, tunda ba sauran gaggawa. Ƙwanƙwas ya ce a'a, ya zo da zartonsa ranar Asabar.