Malam Tahiru da haƙoran mai saƙar kaba

Kullum da hantsi Malam Tahiru yakan buɗe ɗan ɗakinsa na bayan asibiti, ya tafasa ƙarafan aikinsa, ya jera su a kan farin ƙyalle, sannan ya kira mai ciwon haƙori na farko. Shekara ashirin da shida ke nan yana gyaran haƙora a Gure. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Yawancin masu zuwa wurinsa ba ruɓa ke damunsu ba. Haƙoran ne suka cinye, saboda rairayin da ke shiga gari, da gurgurar goruba, da sana'ar da ake sa wa baki. Shi ya sa yakan fara da tambaya: "Ban da cin abinci, me ake yi da su?"

Iya Kaltumi, mai saƙar tabarma daga Kelle, ta shekara arba'in tana tsaga kaba da haƙoran gaba, har suka yi daidai da dasashi. Ta koma kunu kaɗai, ta rame. 'Yarta Bintu ce ta kawo ta.

"Malam, cire su duka in huta."

"Iya, saiwarsu lafiya lau take. Ɗori za mu yi a kansu, tsayinsu ya dawo."

Kaɗan-kaɗan ya riƙa ɗorawa, yana sallamar ta sai bayan mako biyu ta dawo, don muƙamuƙi ya saba. Wata huɗu aka yi. Kwana tara da gamawa ta dawo, biyu sun ɓalle: ta koma tsaga kaba. Bai yi faɗa ba. Ya sake ɗora su, ya je maƙera aka yi mata 'yar wuƙa mai igiyar ratayawa.

"Iya, bakinki ya ajiye aiki."

"Kai, ɗan nan! Uwata ma da haƙori ta tsaga."

"Guda nawa suka rage mata?"

Kaltumi ta karɓi wuƙar.

Malam Tahiru, kai ne mai tambaya kafin taɓawa. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Masu tasowa a wannan aiki, ku koyi tambayarsa kafin ku koyi ƙarafansa.

Bintu ta ce ran Babbar Sallah mahaifiyarta ta cinye haƙarƙari biyu ita kaɗai, wuƙar na rataye a wuyanta.